Tambayi Malam: Baiwa, Kiwo da Shugabancin Kasuwa

Tambaya: Malam, ina da shagon yadi a Kantin Kwari da yara huɗu a ƙarƙashina. Ana cewa iya tafiyar da mutane baiwa ce. Mece ce ainihin baiwa, kuma ina bambancinta da ƙwarewa?

Amsa: Baiwa abin da Allah ya ba mutum ne ba tare da ya nema ba: kaifin lissafi, daɗin baki wajen ciniki, saurin gane halin mutum daga zama ɗaya. Ƙwarewa kuwa sai an sha wuya, ita ce abin da hannu ya saba da shi bayan shekaru. Mai baiwar lissafi da bai taɓa zama a shago ba, yaron da ya shekara goma yana auna yadi zai fi shi sanin inda riba take ɓuya. Don haka ka dubi abin da yake zo maka da sauƙi alhali yana wahalar da maƙwabtanka, ka dage a kansa har ya zama ƙwarewa. Sannan na lura a wasiƙarka ka rubuta "na baiwa yarona makulli". Wannan "bai wa" ne, kalmomi biyu. Kuskuren ya cika Facebook har ya fara shiga jaridu, kuma yana damuna ƙwarai.

Tambaya: Wata Hajiya mai sayar da atamfa daga Maraɗi tana neman ma'anar "kowa da kiwon da ya karɓe shi". Ta ce an faɗa mata shi ne lokacin da ta so buɗe reshe na biyu.

Amsa: Hajiya, an yanke miki maganar ne a tsaka. Cikakkiyarta ita ce: kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. "Karɓa" a nan irin ta "rigar nan ta karɓe ka" ce, wato ta dace da kai. Maganar ba ta hana kowa faɗaɗa harka ba. Cewa take yi kowa yana da abin da ke yi masa albarka, ko da mutane sun ga zaɓinsa baƙo ne. Masu mayar da ita sandar dukan mai himma ba su yi mata adalci ba.

Fataken da suka gabace mu sun fahimci wannan fiye da mu. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, neman goro, tafiyar watanni ce, kuma madugu bai taɓa cewa shi zai yi komai ba. Akwai jagaba da ke gaba don ya san hanya da mashaya da zango. Akwai uban dawaki mai tattara abin da za a biya na fito da kuɗin hanya. Akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a. Aikin madugu shi ne sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu da raba gardama tsakanin fatake, shi ya sa ake masa kirari da uban tafiya. Ya san abin da ya iya, abin da bai iya ba ya damƙa wa wanda ya iya. Yau sai ka ga mai kanti shi ne mai saro kaya, shi ne mai riƙe littafi, shi ne mai bin bashi, ga shi ba ya iya ce wa kowa a'a, sannan ya yi mamakin yadda ya karye.

Dubi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, wata zuriya ta fatake, ya rasu a Kano a 1955. Da goro ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, bai koma noma ba, bai bar abin da ya gada ba. Sanin mutane da riƙon amana da iya ba wa wakilai jari su shiga ƙauyuka, su ya ɗauko daga fataucin goro ya zuba a gyaɗa. Kaya ne suka sauya, kiwon yana nan yadda yake. In kin san idonki ne a kan zane yake jawo miki masu saye, Hajiya, ki riƙe sarin kaya a hannunki, ki nemi mai amana ya zauna a reshen.

Tambaya: Shin "babba juji ne" zagi ne?

Amsa: A'a, yabo ne da gargaɗi. Kowa zai kawo sharar ƙorafinsa ya zuba maka, kai kuma ka shanye. Wanda ba shi da wannan haƙurin kada ya nemi zama shugaban 'yan kasuwa.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya ko "gwani" da "ƙwararre" ɗaya ne.

Amsa: Sun yi kusa, amma gwani ya ɗara, don akwai burgewa a aikinsa. Ka tuna a tsangaya ba kowane mahaddaci ake kira Gwani ba.

Tambaya: Mene ne "uwar kuɗi"?

Amsa: Jarin da aka fara da shi, wanda ke haifar da riba. In ka ji an ce ɗan kasuwa ya fara cin uwa, to shagon ya kusa rufewa.