Kafin ka zo Prague karatun jarida

Ƙanena, saƙonka ya iso, ka gaishe min da su Inna. Ka ce kana son zuwa Jami'ar Charles da ke nan Prague, a ƙasar Czech, ka karanta aikin jarida, har ka fara leƙa shafin labarai na iDNES waya na fassara maka, kana tambaya ko jaridun nan na faɗin gaskiya, kuma ko baƙo zai samu aiki a wurinsu.

To, iDNES ɗin nan na kamfanin MAFRA ne, kuma labarin masu shi kaɗai ya isa darasin zango guda. Kamfanin ne ke buga jaridar Mladá fronta DNES, da Metro da ake rabawa kyauta a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa (ita na fara ɗauka da na zo, hotuna kawai nake kallo). Bayan rushewar kwaminisanci jaridun ƙasar nan da yawa sun faɗa hannun baƙi. MAFRA ya yi kusan shekara ashirin a hannun Jamusawan Düsseldorf masu jaridar Rheinische Post.

A 2013 sai Andrej Babiš ya saye shi ta kamfaninsa Agrofert. Attajiri ne na taki da kaji da burodi, kuma a daidai lokacin yake shirin shiga zaɓe da jam'iyyarsa ANO. Ka ga kenan an ba kura ajiyar nama. Manyan editoci suka ajiye aiki: Robert Čásenský ya je ya kafa mujallar Reportér, Dalibor Balšínek ya kafa Echo24. Babiš ya zama ministan kuɗi a 2014, firaminista a 2017. A shekarar ne dokar hana masu mulki mallakar kafafen labarai ta sa ya zuba Agrofert a asusun amana. A ganina sauya riga ce kawai, domin duk ɗan jaridar da ke ciki ya san daga inda albashi ke fitowa. Da aka ƙara tsaurara dokar a 2023, sai aka sayar da MAFRA ga kamfanin Kaprain na wani attajirin, Karel Pražák.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Lidové noviny, wata jaridar ta MAFRA. Tun 1893 aka kafa ta a Brno, shahararren marubuci Karel Čapek ya yi rubutu a cikinta, 'yan kwaminis suka rufe ta, aka dawo da ita a ɓoye a 1988 ana miƙa ta hannu da hannu. Ta tsallake duk wannan, sai ga shi a ƙarshen Agustan 2024 an daina buga ta a takarda, saura shafin Lidovky a intanet.

Ba MAFRA kaɗai ba ne: jaridar Blesk ma na hannun wani attajirin, Daniel Křetínský. Ni dai in na karanta labarin siyasa a iDNES, sai na duba jaridar Deník N da gidan rediyon ƙasa kafin in yarda.

Batun aiki kuwa, ba zan ruɗe ka ba. Jaridun nan dukansu da harshen Czech ake rubuta su, harshe ne mai wuyar tsiya, kuma gidan jaridar da ke rufe bugu ba ya neman sabbin hannu. Sai dai wanda ya yi karatu da harshen a jami'ar gwamnati ba ya biyan kuɗin makaranta, ko daga ina ya fito, na Turanci kuwa biya ake yi. Ka ware shekara guda ta koyon harshe, ka turo min takardunka in duba kafin ka nemi biza.