Damuwa da Ciwon Bawul ɗin Zuciya: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, an ce bawul ɗin zuciyata na mitral, wato ƙofar da jini ke bi a ɓangaren hagu na zuciya, ya tsuke. Tun da yaƙi ya raba mu da Hartum muka dawo Kasala, da raina ya ɓaci sai numfashi ya sarƙe. Damuwar ce ta lalata shi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Damuwa ba ta tsuke bawul. Galibi ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a magance ba, ya rikiɗe ya taɓa zuciya. Sai dai damuwa na tono ciwon. Hankali na tashi, jiki ya saki sinadarin adrenalin mai zaburar da zuciya, bugun zuciya ya haura 100 a minti. Jini kuwa tsakanin bugu da bugu yake ratsa wannan bawul. Idan bugun ya yi sauri, lokacin ba ya isa, sai jinin ya taru ya danne huhu. In sarƙewar numfashin ta taso, ki zauna a miƙe, ki ja numfashi a hankali, ki ƙirga bugun a wuyan hannu. In kin ji yana tsalle ba tsari, a yi miki ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura. In kuma kwanciya ta gagara sai da filo uku, ko tari na zuwa da kumfa ko jini, asibiti a take. Allurar penisilin ta wata-wata, in an ɗora ki a kai, kada ta wuce.

Tambaya: An sa mini bawul na ƙarfe a Cibiyar Salam ta tiyatar zuciya da ke Hartum, ina shan warfarin, maganin hana daskarewar jini. Tunani ya hana ni barci, ga ciwon kai. Daga Gadarif.

Amsa: Malam, abin da na fi tsoro shi ne mantuwa. Mai damuwa yakan tsallake magani ko ya daina cin abinci, duka biyun kan birkita INR, wato ma'aunin saurin daskarewar jini. Ga mai bawul na ƙarfe a mitral, ana so INR ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Ka tsayar da lokaci ɗaya na shan maganin, misali bayan Magariba. In ka manta jiya, kada ka ninka yau. Ciwon kai kuma, farasitamol. Diclofenac da ibuprofen na jawo zubar jini. Wasu magungunan damuwa ma haka, don haka likitan da zai rubuta maka ya san kana kan warfarin.

Tambaya: Jabana, wato kofinmu na gargajiya, fa, Likita?

Amsa: Finjali ɗaya da safe ba laifi ga yawancin mutane. In tana sa maka faɗuwar gaba, ka bar ta.