Zauren Tambaya: Matasanmu na Saudiyya da Wayoyinsu

Wasiƙun wannan fitowar duk daga Saudiyya suka zo, kuma duk a kan waya suke. Mun sakaya sunayen masu tambaya saboda yanayin abin da suka tambaya.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Madina, shekarata 24. Ni ne adimin na zauren WhatsApp na 'yan ƙaramar hukumarmu, mu kusan ɗari biyu, wasu a gida wasu a nan. Tun da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027 zauren ya ɗau zafi, har da zage-zage da bidiyoyin da ban san asalinsu ba. Wani ya ce min ana iya kama ni a nan kan abin da wasu suka tura. Gaskiya ne ko tsoratarwa? Ai siyasar Najeriya muke yi, ba ta Saudiyya ba.

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, ko da ya ɗan ƙara gishiri.

Dokar da ke kanka ita ce dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2007. Sashe na 6 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga wanda ya ƙirƙiri abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko addini ko tarbiyya ko sirrin mutane, ko ya shirya shi, ko ya tura shi, ko ya adana shi. Ka lura da na ƙarshen nan biyu. Ba sai kai ka rubuta ba, turawa ma laifi ce, haka ajiyewa a cikin waya. Sashe na 3 kuma shi ne na ɓata suna: ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar da za ta iya kai riyal 500,000. Sashe na 9 ya haɗa da wanda ya zuga ko ya taimaka, kuma ta nan ne maganar adimin ke shigowa.

Da gaske ne zagin gwamnan jiharku ba shi ne abin da jami'an Madina suka kwana suna nema ba. Matsalar ita ce zaure ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Yau ana kan ɗan takarar majalisa, gobe wani ya jefo bidiyon Gaza da sharhi kan shugabannin Larabawa, jibi an koma kan malaman Harami, ko kan Iran, ko kan 'Yan Uwa Musulmi, ƙungiyar da Saudiyya ta sa cikin jerin 'yan ta'adda tun 2014. Wanda ya tura yana zaune a Gusau yana shan shayinsa. Kai ne kake ƙasar da babu jam'iyya, babu zanga-zanga, kuma layinka da zanen yatsanka aka yi masa rajista, kamar yadda ake yi tun 2016. A 2022 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wa Salma al-Shehab, ɗaliba 'yar ƙasar da ke karatu a Ingila, ɗaurin shekara 34 kan abin da ta rubuta da wanda ta sake yaɗawa a Twitter. An rage hukuncin daga baya, ta fito a 2025. 'Yar ƙasa ke nan. Baƙo kuwa, bayan hukunci galibi tarhil, wato mayar da mutum ƙasarsu, shi ne ke biyo baya, karatu ya tashi a tutar babu.

Kada ka dogara da cewa saƙon WhatsApp a kulle yake. A kulle yake a hanya, amma a buɗe yake a wayar mutum ɗari biyu. Sau da yawa masu shiga uku, wani na ciki ne ya ɗau hoton fuskar waya ya kai ƙara bayan an yi saɓani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saƙon da ke ɓacewa da kansa ma bai hana a ɗau hotonsa kafin ya ɓace.

Abu mafi sauƙi shi ne ka miƙa adimin ga wanda ke gida. In ba za ka iya ba, to ka shiga saitin zauren ka kunna sai adimin ya amince kafin sabon mutum ya shigo, ka sabunta adireshin gayyata don tsohon ya mutu. Ka rubuta ƙa'ida a bayanin zauren cewa ba a maganar siyasar ƙasar da ake zaune cikinta ko malamanta. Adimin na iya goge saƙon kowa daga wayoyin kowa muddin bai wuce kwana biyu ba, to ka riƙa yi da wuri. A wayarka kuma, shiga saitin WhatsApp, ɓangaren ma'aji da data, ka kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, don shi ne ke cika maka waya da kayan da ba ka ma kalla ba. Sannan ka ware yamma guda ka bi tsofaffin rubuce-rubucenka na Facebook da X, tun na zamanin sakandare, ka share abin da ba za ka iya karewa ba.

Abu biyu kuma da samari ke yi ba tare da tunani ba. Na farko, ɗaga hoton ɗan takara ko tutar jam'iyya a Harami ko Rauda don a ɗauke su hoto. An hana taken siyasa a wuraren nan, kuma askarawa na iya karɓe waya. Na biyu, haɗa gudummawa a asusun mutum ɗaya, ko ta kamfe ko ta ginin masallacin ƙauye. Tara taimako ba tare da izini ba, laifi ne a Saudiyya. Na cikin gida ta dandamali irin Ehsan ake bi, na waje kuma ta Cibiyar Agaji ta Sarki Salman. In za a yi karo-karo, a yi shi a asusun gida, kowa ya aika nasa da kansa.

Ina gaida ma'aikatan wannan shafi. Ni haifaffiyar Makka ce, a Shara Mansur muke, igamata, wato takardar izinin zamana, a ƙarƙashin mahaifina take. Ina tallan abaya da turaren wuta da dabino a TikTok, masu saye suna turo kuɗi asusuna, wasu daga nan wasu daga Kano. Mabiyana sun haura dubu ashirin. Ƙawata ta ce sai da lasisi. Wane lasisi kuma?

'Yar'uwa, lasisin da take nufi shi ne Mawthooq, wanda hukumar kula da kafofin watsa labarai ta fito da shi a 2022 ga masu talla a shafukansu. Kuɗinsa riyal 15,000 ne na shekara 3. Amma ba kuɗin ne babbar matsalarki ba. A shekarar ce hukumar ta sanar cewa baƙi, mazauna da masu ziyara, ba su da damar yin talla a shafukan sada zumunta in ba ta hanyar kamfani mai izini ba. Haihuwa a Makka ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa a takarda. Ki duba igamarki, za ki ga an rubuta cewa mai ita ba shi da izinin aiki, kamar yadda ake rubuta wa duk wanda ke ƙarƙashin uba ko miji.

Abin da ya fi tona asirin masu irin sana'arki ba bidiyon ba ne, asusun ne. Banki na ganin mace marar albashi, kuɗi na shigo mata riyal 150, riyal 300, daga mutane hamsin a wata. Sai a rufe asusun a ce ta zo ta yi bayanin tushen kuɗin, ita kuma ba rasit ba sijil, wato rajistar kasuwanci. Wasu sukan ce bari su ari sunan wani ɗan ƙasa ya buɗe musu sijil suna ba shi wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur, kuma hukuncinsa ya fi na farkon muni: har shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kan mai ara da mai ba da aro. Ga shi kuma ranar da mai sunan ya ga dama ya ce kayan nasa ne, ba ki da inda za ki kai kuka.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce kasuwancin ya zama na gida. Wani naki ya yi masa rajista a Najeriya, shafin da asusun karɓar kuɗi su zama na can, kaya a saye su da rasit a aika ta kamfanin dakon kaya mai lasisi. In kina lissafin riba kada ki manta da harajin kashi 15 da ke kan kaya tun Yulin 2020. Kuma ki daina ɗaukar bidiyo a kasuwa fuskokin mutane na fitowa. Mace ɗaya ta ga kanta ta kai ƙara, sashe na 3 da muka ambata a sama ya hau kanki.

Salam. Direba ne ni a Riyad, shekara biyu da zuwana. An kira ni da Larabci, mutumin ya faɗi sunana da lambar igamata, ya ce daga banki ne za a sabunta bayanaina ko a rufe katina. Ya ce in buɗe Nafath in danna wata lamba. Na danna, sai kuma jikina ya ba ni, na kashe wayar. Me zai biyo baya?

Ƙanena, ka ajiye mujallar nan ka kira bankinka yanzu, da lambar da ke bayan katinka, ba wadda ta kira ka ba. Ka ce a dakatar da katin da shiga asusu ta manhaja. Sauran bayani ya jira.

Ga abin da ya faru. Nafath ita ce ƙofar shiga ayyukan gwamnati da na bankuna da kamfanonin waya. In kai ne ka nemi wani aiki, shafin zai nuna maka lamba, kai kuma ka zaɓi irinta a manhajar don tabbatar da cewa kai ne. Ɗan damfarar shi ya buɗe buƙatar da lambar igamarka a nasa ɓangaren, lambar ta fito masa, ya karanto maka, ka danna. Wato ka sa hannu a takardar da ba ka gani ba. Da wannan ana iya fitar da layin waya da sunanka ko a buɗe asusu ko jakar kuɗi ta waya, a riƙa wuce da kuɗin sata ta ciki. Sanin lambar igamarka ba hujja ba ce cewa daga banki yake. Kwafinta nawa ka bari a ofisoshi da shaguna cikin shekara biyu?

Bayan banki, buɗe Nafath ka duba buƙatun baya don ka ga wace hukuma ko kamfani ka amince wa, ka kira su ka soke. Canza lambar sirrin Absher, manhajar Ma'aikatar Cikin Gida, ka tabbata lambar wayar da ke ciki taka ce har yanzu. Shiga hidimar Arqami ta hukumar sadarwa, za ta jero maka duk layukan da ke kan igamarka. Wanda ba ka sani ba ka kai ƙara a rufe shi. Ka shigar da rahoto ta manhajar Kollona Amn ko a ofishin 'yan sanda, ka adana lambar rahoton, don ita ce shaidarka in wani abu ya ɓullo bayan wata shida. In saƙon tes suka fara turo maka, ka tura shi zuwa 330330.

Gaggawar da muke sa ka na da dalili: tun 2021 kuɗi kan tashi daga banki zuwa banki nan take ta tsarin sarie, dare ko rana, har riyal 20,000 a tura ɗaya. Kuma tunda ana maganar, duk wanda ya ce ka ara masa asusunka ko ka ciro masa layi da yatsanka a kan riyal 200, ka ce masa a'a ko da ɗan garinku ne.

Yayana na gida ya ga wani a TikTok yana tallan Hajji da bizar ziyara a kan rabin kuɗin kujera. Yana so in nema masa bizar, ya sauka a ɗakina a Jidda har lokaci ya yi. In yi?

Kada ka yi. A ƙa'idar da Ma'aikatar Cikin Gida ta sanar a 2025, wanda aka kama yana ƙoƙarin Hajji ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji, tararsa ta kai riyal 20,000, a mayar da shi gida, a hana shi shigowa shekara 10. Kai da ka nema masa biza ko ka ba shi masauki ko ka ɗauke shi a mota, taka ta kai riyal 100,000, kuma tana ninkuwa da yawan mutanen. Mai tallan TikTok ba ya cikin wannan lissafin, ya karɓi nasa tun a gida.

Ka kuma gaya wa Yaya abin da ya faru a 2024. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a Hajjin shekarar, kashi 83 cikin ɗari marasa izini ne, waɗanda ba su da tanti a Mina da Arfa, ba su da mota, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin zafin da ya haura digiri 50. Ya bi ta hukumar alhazan jiharsa ko kamfanin da NAHCON ta ba lasisi. Kai kuma mai igama, naka ta manhajar Nusuk ta Ma'aikatar Hajji ne.

Kusan kullum sai Umma ta tashe ni da tsakar dare da bidiyon wai an kai hari ko an yi gobara a Makka. Ni kuma nan ake turo min na garinmu. Yaya zan gane na gaskiya?

Tsakar daren naka ƙarfe goma ne a wurin Umma, don Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, sai ka yi mata uzuri. Ka tsayar da bidiyon inda gini ko allon shago ya fito sosai, ka ɗau hoton fuskar wayar, ka sa a Google Lens. Sau da yawa za ka tarar da shi a wani shafi na shekarun baya, daga wata ƙasa daban. Duba lambar mota, rubutun alluna da kakin jami'ai. In na nan ne, abu mai girma ba zai daɗe bai fito a kamfanin dillancin labarai na SPA ko shafin hukumar kashe gobara ba. In na gida ne, kira mutum ɗaya da ke unguwar ya fi karanta sharhi ɗari. Kuma kada ka tura shi wani zaure da sunan tambaya, don turawa turawa ce. Umma kuwa, ku yi yarjejeniya: ka riƙa aika mata saƙon murya na daƙiƙa goma kullum bayan Isha'i, da ranar da kwanan wata a ciki.