Me ya sa nake ta kifewa a gem ɗin zamiyar dusar ƙanƙara?

Tambaya: Malam, na gaji tsohuwar PlayStation 2 daga yayana, har da faifan SSX 3. Gudu nake yi iya ƙarfina amma kullum ana barina a baya, in kuwa na yi tsalle sai in kife. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙanena, ka ɗauki gem ɗin kamar tseren mota ne, shi ya sa. A jerin SSX, wanda kamfanin EA ya fara fitarwa a 2000, gudu da wasan iska a ɗaure suke. Duk juyi ko alkafurar da ka yi a sama kuma ka sauka lafiya, tana cika maka wani ma'auni da ke gefen allo, kuma wannan ma'aunin ne kake kashewa don ƙara wuta. Wanda ya ƙi tsalle saboda tsoron faɗuwa kamar ɗan acaɓa ne da ya ƙi shiga gidan mai. In ma'aunin ya cika, sai manyan dabarun da ake kira Uber su buɗe, inda ɗan wasan ke cire allon zamiyar daga ƙafarsa yana juya shi a iska. Babu mai yin haka a dutsen gaske, kuma masu gem ɗin ba su ce za su kwaikwayi gaskiya ba.

Batun kifewa kuwa, kusan kullum abu biyu ne. Na farko, kana fara juyi bayan ka tashi. Tun kafin ka kai bakin tudun, danne maɓallin tsalle ɗan wasanka ya durƙusa, ka riƙe ɓangaren da kake son juyawa, sannan ka saki daidai lokacin tashi. Juyin zai fi sauri. Na biyu, kwaɗayi. Kana riƙe da allon zamiya ta maɓallan kafaɗa, L1 da R1 da 'yan'uwansu, har ƙasa ta iso. Saki da wuri, ka ba shi damar miƙewa. Gara ƙaramin juyi da ka sauka da shi, domin faɗuwa tana cinye makin dabarar, ta kuma rage maka ma'aunin. Ka riƙa sauya dabaru ma, maimaita guda ɗaya yana rage makinta. Sannan ka buɗe ido, hanyoyin yanke sun cika dutsen nan mai ƙololuwa 3.

Ka gode wa Allah ba da 1080° Snowboarding ka fara ba, na Nintendo 64 da ya fito a 1998, shekarar da wasan zamiyar na gaske ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan. Sunan yana nufin cikakken juyi sau 3, wato 360 sau uku. Can sai ka daidaita allonka da gangaren da kanka kafin ka taɓa ƙasa, in ba haka ba ka sha ƙasa. Steep na Ubisoft, na 2016, shi ma ya fi karkata ga gaskiya, a tsaunukan Alps.

In kana son horar da hannunka a waya, sauke Alto's Adventure. Taɓawa ɗaya ce tsalle, dannewa ita ce alkafura, kuma zai koya maka sanin lokacin sakin yatsa kafin ka koma kan faifan yayanka.