Gasket ɗin tof silinda: tashin mota a bidiyo ba shaida ba ne

Kai yaro, ka ce ka ga wani a YouTube ya ɗaura gasket mai araha, wato shimfiɗar nan da ke toshe tsakanin tof (murfin saman silinda) da bulok (gangar jikin inji), ya murza makulli mota ta tashi, don haka kake tambaya me ya sa nake hana ku taɓa irinsa, ko kuwa duk na kasuwa ne ba shi da kyau. Tashin mota kake kira shaida? Gasket mafi muni ma yana tayar da inji ranar da aka ɗaura shi. Sai inji ya yi zafi ya huce sau ɗaruruwa halinsa yake fitowa, domin tof na alminiyon yana buɗewa kusan ninki biyu na bulok ɗin baƙin ƙarfe, kullum suna goga gasket ɗin a tsakaninsu. Mai bidiyo ya kashe kyamara tun a minti na farko, kuma ba zai dawo bayan wata shida ya nuna maka ruwa a cikin baƙin mai ba.

Ba duk na kasuwa ne banza ba, kar ka je ka ce ni na faɗa. Elring da Victor Reinz su ne ma suke yi wa wasu kamfanonin motoci gasket ɗin da ake ɗaurawa tun daga masana'anta, Fel-Pro kuma ya daɗe a hannun makanikan Amurka. Orijina ma yana iya zama shi ne mai laifi: injin Subaru EJ25 ya yi suna da yoyo da gasket ɗinsa na asali, masu gyara suka koma saka mai falle-fallen ƙarfe, wato MLS. Abin da nake yaƙi da shi jabu ne, wanda aka kwaikwayi kamanninsa aka bar aikinsa.

An taɓa kawo mana wata mota mai silinda huɗu ta tafasa. Direba ne ya kawo, mai motar ya damƙa masa kuɗin kaya ya ce shi zai sayo. Aka auna tof, aka kai shi gurza, ya dawo sumul. Direban nan ya shigo da gasket a kwalin kamfani, leda a manne, ga ƙusoshin tof guda goma baƙaƙe wuluk kamar yanzu aka ƙera su. Aka ɗaure bisa ƙa'ida, mota ta fita. Ba a jima ba aka janyo ta, tana girgiza, farin hayaƙi na fita ta salansa, lagireto na aman kumfa. Da aka kwance, wuta ta ci gasket a siririn wurin nan da ke tsakanin silinda ta biyu da ta uku, ta yi wa alminiyon ɗin tof rami har farce na shiga. Baƙin shafen da ke kan gasket ɗin kuwa da babban yatsa yake saɓulewa, fenti ne kawai, ba roba mai jure zafi ba. Tudun da ake dannawa kewaye da bakin silinda ya kwanta shamɓal, babu sauran tsalle a jikinsa, alamar ba ƙarfen sifirin aka yi shi da shi ba. Ƙusoshin nan da aka jera su a kan benci, uku sun fi sauran tsawo, wuyansu ya sirance. Tsofaffi ne aka wanke aka baƙanta. Mutumin ya sayi kwali, ya soke ragowar kuɗi a aljihu, ya tsaya gaban maigidansa yana rantsuwa cewa hannunmu ne bai iya ba. Mai mota ya ga kwali, ya gaskata direbansa. Gareji ne ya sayi wani tof, ya sake aikin kyauta, ga zubar da mutunci a gaban mutane. Shi ya sa kake ganin ba na karɓar gasket daga hannun kowa, ko ɗan'uwana ne.

To, ga abin da za ka duba, ka buɗe kunne don ba zan maimaita ba. Ka ajiye tsohon gasket, kar ka yar, ka ɗora sabon a kansa. Kowane ramin ruwa da na mai ya hau kan ɗan'uwansa, girma ɗaya. Ramukan ruwa da gangan ake yin wasu ƙanana wasu manya don a tilasta ruwa ya zagaya har silindar baya. Mai jabu yana huda su yadda ya ga dama, sai ruwa ya yanke hanya, bayan inji ya dahu allurar zafi tana nuna lafiya. Ka ƙirga falle. In injin da MLS ya zo, kar ka mayar masa da mai laushin nan na girafait don ya fi araha. Ka auna kauri da maikuromita. A injin dizal kuwa, kamar 1.9 TDI na Volkswagen, kauri uku ne, ana gane su da huda ɗaya ko biyu ko uku a gefe, kuma fitowar fistin sama da bulok ce take zaɓa maka, ba mai shago ba. Ka saka siriri inda ake son mai kauri, fistin ya sumbaci bawul.

Amma yawancin gasket ɗin da ake zagi ba shi ya kashe kansa ba. Tof ne a lanƙwashe. Ka auna da miƙaƙƙen ƙarfen awo da fila geji, wato siraran fallayen ƙarfen nan na auna rata, a tsaye, a kwance, da gicciye ta kusurwa biyu, a kan tof da kan bulok duka. A injin 1ZZ-FE na Toyota, in 0.05 milimita ta shige ƙarƙashin ƙarfen, tof ɗin ya wuce iyaka. Gashin kanka ma ya kai wannan kaurin, kai kuma kana duba da ido ka ce ya yi. MLS yana son fuska mai santsi ƙwarai, don shafensa siriri ne, ba zai cike zanen gurza mai kaushi ba. A nan ne bidiyon nan suka fi ɓata ku. Za ka ga mutum ya ɗaura faifan gurza a injin huda yana wanke bulok har yana ƙyalli. In bulok ɗin na alminiyon ne faifan yana cin sa ya bar kwari, yashinsa ya gangara ramin mai ya je ya cinye metal ɗin karanshaf. Abin kankara na roba da haƙuri, shi ke nan. Haƙurin ne dai ba ku da shi, ku yaran yanzu, kuna son aikin yini ya ƙare a tsawon bidiyo.

Ramukan ƙusoshi ka busa su da iska su bushe. Mai ko ruwa ya kwanta a ƙasan rami, sifanar awo za ta ce ƙas alhali ƙusa ba ta danne tof ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. Ɗauri daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki. A 1ZZ ɗin nan ƙarfin ɗaurin a sifanar awo 49 Nm ne, sannan ka sa ɗigon fenti a kan kowace ƙusa ka ƙara digiri 90. Wannan ƙarin miƙa ƙusar yake yi, shi ya sa tsohuwa ko dai ka auna ta da littafin injin ko ka jefar. Kuma in na sake ganin gam ɗin silikon kusa da gasket ɗin tof, ranar za ka koma wankin sifana. A bushe ake saka shi.

Kafin ka rufe bonet ka nemo abin da ya ƙona na farkon. Fanka, tamostat, famfon ruwa, murfin lagireto da ya daina riƙe iska, ko zallar ruwa da ake ɗurawa babu kulan, wato ruwan maganin sanyaya inji. In ba ka samo shi ba, ko daga hannun kamfani ka karɓo gasket, motar nan a kan igiya za ta dawo. Yanzu je ka ɗauko ƙarfen awo, tof ɗin can yana jiranka.