Sauya aikin metod na ɗan lokaci a Python

Malam, ka ce kana so metod (aikin da aka rubuta a cikin aji, wato class) ya canza hali a wani ɓangaren kod kaɗai, da an fita ya koma yadda yake. A Python akwai unittest.mock, kayan aikin gwajin kod, tun sigar 3.3. Da patch.object da ke cikinsa za ka iya sa metod cire_kudi na ajin Asusu ya riƙa mayar da 0:

with patch.object(Asusu, "cire_kudi", return_value=0):
    gwada_biya()

Da zarar an fita daga with, ainihin metod ɗin zai dawo, ko da kuskure ya auku a tsakiya. Shi ya sa na fi son sa a kan sauyawa da hannu, inda mutum kan manta da finally, ɓangaren kod da ke gudana ko da kuskure ya auku.

Amma ka kula, sauyin ya shafi ajin gaba ɗaya, duk zaren aikin (thread, wato sashen manhajar da ke gudana tare da wasu) da ke aiki a lokacin zai gan shi. Ka bar shi wajen gwaji kawai.