Me ya sa ƙwallo ba ta komawa inda aka sako ta?

Ɗan'uwa mai shirin WAEC a Agege, ka tambayi inda makamashin ƙwallo yake tafiya tunda tsallenta raguwa yake yi. Ba ɓacewa yake yi ba, rikiɗewa yake yi. Da ƙwallo ta bugi ƙasa sai ta loɓa, robarta ta lanƙwashe ta kuma miƙe, wannan murɗewar ta mai da wani kaso zafi. Kaɗan yana tafiya a ƙara da girgizar daɓe, kaɗan iska ta ci.

Ɗauki ƙwallon tanis mai giram 58. Ƙa'idar wasan ita ce in an sake ta daga santimita 254 a kan kankare, ta tashi tsakanin 135 da 147. Don samun makamashinta, ninka nauyinta a kilogiram (0.058) da ƙarfin jan ƙasa (9.8) da tsayin a mita (2.54), jul 1.44 ke nan, jul kuwa shi ne ma'aunin makamashi. In ta tashi 140, saura jul 0.80, wato kusan kashi 45 cikin ɗari ya tafi a bugu ɗaya. Tsalle na biyu ba zai wuce santimita 77 da yawa ba.

Gwada da kanka: manna tef ɗin tela a bango, ɗauki bidiyo da waya, ka riƙa auna daga ƙasan ƙwallon. Sakinta za ka yi kawai, kada ka tura, nan yawanci ake kuskure. A siminti za ka yi, domin rairayin bakin teku ko daɓen da damina ta jiƙa shanye tsallen suke yi. Ƙwallon da ta sace ma ta fi loɓawa, asararta ta fi yawa.